Littafi a waya, marubuci a zaure, yara a tabarma: me ke bayan sabon salon bikin littattafai?

Tun ranar 26 ga Maris 2025, da aka sa hannu a kundin sake gina ƙasa na Nijar, wanda ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa ya kuma bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, akwai tambayar da ke yawan dawowa a fadar shayi da tsakanin malaman lakwal a Yamai: to, ina littattafan? Doka na iya ɗaga darajar harshe a yini ɗaya, amma ba ita ke zama ta rubuta ba, ba ita ke sayen takarda ba, ba kuma ita ke kai littafi Tawa ko Madawa ba.

A nan ne maganar bikin littattafai ke shigowa. Can baya, in an ce bikin littafi, rumfuna ake nufi da tebura, kowace maɗaba'a da kayanta, manya su zo su zaga su tafi. Yanzu wanda ya duba jadawalin irin waɗannan bukukuwa, daga na Wagadugu da Abijan har zuwa bikin littattafai da fasahar Hausa da aka fara a Kaduna a 2021, da wuya ya rasa abu uku: zama kan wallafa ta intanet, ganawa da marubuta, da bitar yara.

An rabu wajen fahimtar su. Wasu na jin kamar shelar mutuwar takarda ake yi. Wasu na cewa taron ƴan boko ne masu yi wa juna tafi. Iyaye da dama kuwa sun ɗauki zauren yara wurin ajiye su kafin manya su gama jawabi. Alhali igiya ɗaya ce ta ɗaure ukun: ta yaya rubutu zai isa hannun mutum, ta yaya kuɗinsa zai komo wa wanda ya rubuta, kuma akwai ma mai iya karantawa tun farko?

Suna ɗaya, kaya daban-daban

In mai jawabi ya ce "wallafa ta intanet", yana iya nufin abu biyar, kuma rabin gardamar zaure daga nan take tashi, kowa na magana a kan nasa.

Akwai PDF, wanda kamfanin Adobe ya fito da shi a 1993. Hoton shafi ne tsaf, yadda aka tsara shi haka zai buɗe a kowace na'ura. Alherinsa ke nan, aibinsa ma ke nan, don shafin da aka auna wa takarda, in ya shiga ƙaramar waya sai an yi ta ja da yatsa biyu, a karanta rabin layi a gusa. Akwai EPUB, tsarin da ya fito a 2007, shekarar da Amazon ya fara sayar da na'urarsa ta Kindle. Shi rubutu ne mai bin faɗin gilashin da aka buɗe shi a kai, mai raunin ido ma yana iya ƙara girman baƙi. Sai dai yana son manhaja tasa, kuma kaɗan ne a nan suka saba da shi.

Na uku shi ya fi kowanne jama'a a ƙasar Hausa, ko da yake ba a cika ba shi kujera a teburin manya ba: littattafan onlayin. Marubuciya, don mata ne suka fi yawa a fagen, tana buga labari da babban yatsa a wayarta, ta riƙa sakin sa shafi-shafi a gurup na WhatsApp, ko a Facebook, ko Wattpad. Shafukan farko kyauta ne. In labari ya kai inda rai ke so, sai a ce saura na kuɗi ne. Wannan shi ne magajin littattafan kasuwar Kano da suka yi tashe tun tsakiyar shekarun 1980, kuma masu karatu na wannan gefen iyaka suna ciki tsundum. Ba baƙon abu ba ne a ga farashi da naira a saman shafi, a ƙasa kuma an ba "ƴan Nijar" lambar da za su tura sefa.

Na huɗu sauti ne, a karanta littafi a naɗa, a ɗora a YouTube ko a zuba a katin waya. Na biyar kuwa ba a waya yake ƙarewa ba: a ajiye littafi a kwamfuta, a buga kwafi 20 ko 50 da ƙaramin injin zamani lokacin da aka samu masu saye, maimakon a buga dubu a jibge a ɗaki gara ta ci.

Abin da ya kora marubuta cikin waya

Lissafi ne ya kora su. Babban injin ɗab'i sai an shirya masa faranti kafin ya fitar da kwafi ko ɗaya, don haka kuɗin farawa kusan ɗaya ne, ko 200 za a buga ko 2,000. Kwafi ba ya yin araha sai an buga da yawa, da yawan kuma ba ya ƙarewa sai da hanyar rarrabawa. Takarda da tawada da kayan gyaran inji daga waje ake shigo da su. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da iyakar Benin ta rufe, kayan da suka saba biyowa ta Kwatano da Gaya sun koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, doguwar hanya mai buƙatar rakiyar sojoji. Duk abin da ya hau wannan hanya, farashinsa ya hau tare da shi.

In an buga kuma, sai kaiwa. Kantunan littafi a Yamai ba su da yawa, cinikinsu kuma ya fi ƙarfi a kan littattafan lakwal lokacin komawa makaranta a Oktoba. Sauran kasuwar tana hannun masu kasa tsofaffin littattafai a bakin hanya da masu sayar da na addini a ƙofar masallaci. Daga Yamai zuwa Tawa kimanin kilomita 550 ne, ta Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni. Kwalin littafi yana bin motar fasinja kamar kowane saƙo, amma kuɗin cinikinsa ba shi da motar dawowa. Sai marubuci ya wayi gari shi ne mai bugawa, shi ne dillali, shi ne mai bin bashi.

A al'adar kasuwar littafi ta ƙasashe da yawa, marubuci na samun wajen kashi 10 cikin 100 na farashi, mai kanti kashi 30 ko fiye, saura ya tafi a bugu da rarrabawa da ribar mai wallafa. A ɗauka littafi jika 3 ne, rabon marubuci dala 60 ke nan. In kuwa ya sa wa labarinsa dala 100 a waya, kusan duka nasa ne, kuma bai ci bashin takarda ba. Ba a buƙatar wani dogon wa'azi kafin matashi ya zaɓi na biyu.

Inuwar da harkar littafi ta daɗe tana fakewa ƙarƙashinta ma ta sauya. Cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar, mai ɗaya daga cikin manyan ɗakunan karatu na Yamai, ta fita daga haɗin gwiwar ƙasashen biyu, a Oktoba 2024 aka sa mata sunan Moustapha Alassane, mai shirya fina-finan nan da ya yi zamansa a Tawa. A Maris 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, wadda a nan Yamai aka aza tubalinta ranar 20 ga Maris 1970, wadda kuma ita ta ƙirƙiro shirin ƙananan ɗakunan karatu na karkara da ake kira CLAC. Masu goyon bayan matakin na cewa dama ce ta gina harkar littafi da harsunan gida ba tare da jiran zaɓin wani ba. Masu ɗari-ɗari na cewa nauyin sayen littattafai da biyan mai kula da ɗakin karatu ya ƙara dawowa kan gwamnati da ma'aikatun magajin gari, a lokacin da tsaro ke cin babban kaso na kasafi. Kowane ɓangare yana da abin kamawa.

Waya ta rage nisa, biya ne ya gagara

Fayil ba ya jiran mota. Abin da aka saki a Yamai da hantsi, ana karanta shi a Tawa da Kano da Jidda kafin azahar. Wannan ba gardama a kansa. Wurin karɓar kuɗi ne lissafin ke tangal-tangal.

A tsarinsa na 2025, Amazon yana ba marubuci kashi 70 cikin 100 in ya sa farashi tsakanin dalar Amurka 2.99 da 9.99, kashi 35 in ya fita daga wannan iyaka. A takarda abin sha'awa ne. Amma mai saye sai da katin banki, marubuci kuma sai da asusun da zai karɓi kuɗi daga waje, alhali mai karatu a Tawa kuɗinsa na cikin Airtel Money, ko Nita, ko aljihun riga. Shi ya sa cinikin ya koma na hannu da hannu: ka tura kuɗi, ka ɗauki hoton shaida, ka aika wa marubuciya, ta saka ka a gurup. Da mutum 100 tsarin na tafiya. In suka kai dubbai, daren da za ta yi rubutu a duba hotunan shaida yake ƙarewa.

Manhajojin sayar da littafi an ƙirƙire su ne don toshe wannan giɓi, amma su ma da nasu haɗarin. OkadaBooks, da aka kafa a Najeriya a 2013, ta ɗauki marubutan Hausa da yawa, sai ta rufe a ƙarshen Nuwamba 2023. Wanda ya kasa kayansa a rumfar wani, ranar da mai rumfa ya tashi, shi ma ya tashi. Marubucin da bai ajiye kwafin aikinsa da hanyar tuntuɓar masu karatunsa a wani wuri ba, daga tushe zai sake farawa.

Sai sata, wadda a fagen ake ce wa "fitar da littafi". Mutum ɗaya ya biya, ya tura wa gurup na ɗaruruwa. Shi ya sa shafuka da yawa ke buɗewa da gargaɗi, wani lokaci har da Allah ya isa, kafin a kai ga labari. A doka, haƙƙin marubuci yana nan ko a waya ya wallafa. Nijar na da ofishin kare haƙƙin mallaka, BNDA, tana kuma cikin OAPI, ƙungiyar kare haƙƙin mallaka ta wasu ƙasashen Afirka da yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa. Sai dai bin sawun wanda ya tura fayil daga lambar wata ƙasa ya fi kuɗin littafin tsada nesa ba kusa ba.

Ra'ayi uku ake ji a kan magani. Na farko, a kulle littafi cikin manhaja yadda ba a iya kwafa. Masu suka na cewa kulle yana wahalar da mai gaskiya, mai ƙaramar waya da ƙarancin data, ɓarawo kuma yana ɗaukar hoton gilashi ya wuce. Na biyu, a sauke farashi har biya ya fi neman na sata sauƙi. Na uku, a daina kokawa da yaɗuwa, a ɗauke ta talla, a nemi kuɗi ta wata ƙofa: masu son karantawa kafin kowa, kwafin takarda mai sa hannu, ko sayar da izinin mai da labarin sauti ko fim. Na ukun yana yi wa wanda ya riga ya yi suna aiki. Sabon shiga ba shi da waɗannan ƙofofi.

Duk wannan kuma a cikin ƙaramin da'ira ake yin sa. Masu amfani da intanet a Nijar ba su kai kashi 1 bisa 3 na jama'a ba, kuran kuma kusan mutum 1 cikin 5 ke samu, mafi yawa a birane. Manyan da ke iya karatu da rubutu ba su kai kashi 40 cikin 100 ba a ƙidayar hukumomin duniya, ko da yake akwai dubban da suka tashi a makarantar allo, masu karanta ajami, waɗanda kasuwar boko ba ta cika tunawa da su ba. Dubban rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami da ke ajiye a cibiyar bincike ta IRSH a jami'ar Abdou Moumouni shaida ne cewa karatu a nan bai fara da lakwal ba. Ga mafi yawan jama'a dai, littafin da zai fi saurin isa gare su shi ne wanda ake saurara.

Ƙugiya da karin harshe

Akwai ƙaramar matsala da ke zama babba a wurin yara. Ɓ da ɗ da ƙ, a wasu wayoyi da wasu nau'o'in baƙaƙen kwamfuta, ƴan akwatuna suke fitowa, don haka marubuta da yawa sun yar da ƙugiya gaba ɗaya. Babba in ya ga "kasa" ko "baki" zai gane daga jimla ko ƙasa ake nufi ko kasawa, ko baƙi ne ko bakin magana. Mai koyo ba zai gane ba. An zauna a Bamako a 1966, an sake zama a Yamai a 1980 don daidaita rubutun Hausa, Nijar kuma ta tsai da ƙa'idarta a 1999, amma har yau a nan ƴ ake rubutawa, a Najeriya 'y. Mai neman "ƴan" a waya ba lallai ne ta nuna masa "'yan" ba.

Ga kuma karin harshe. Yaron Adar "tahi" yake cewa, "shina", "ɗiya". Wasu malamai na ganin a fara masa da abin da kunnensa ya sani. Masu wallafa na duban kasuwa: daidaitacciyar Hausa ita ke tsallaka iyaka zuwa inda masu saye suka fi yawa.

Me ake samu a ganawa da marubuci?

Ya kamata a raba ta da ƙaddamarwa. A ƙaddamarwa babban baƙo ke sayen kwafi da kuɗi mai kauri, ƴan uwa da abokai su biyo baya, a mai da kuɗin bugu a yini ɗaya. Ko an karanta littafin daga baya, wannan wata magana ce. A ganawa kuwa marubuci ne ke zama gaban mutanen da ba su san shi ba, ya karanta wani yanki, a yi masa tambayoyi, ya sa hannu a kwafi.

Amfaninta na farko ciniki ne ba dillali, kason mai kanti ya zauna a aljihun marubuci. Na biyu ya fi shafar kasuwar waya. Inda kowa ke iya samun fayil kyauta, abin da ke sa mutum ya biya sau da yawa shi ne ya san mai shi, ya ji muryarsa, ya ji nauyin cin guminsa. Na uku shi ne tambayar da ba ta cika rasa fitowa daga bayan zaure ba, in wata ɗaliba ta miƙe ta ce, "Malam, ni ma ina rubutu a kaye, ina zan kai shi?" A ƙasar da masu gyara rubutu da masu wallafa ba su da yawa, amsar minti biyu da za ta samu tana iya zama duk horon da za ta taɓa samu. Salon ma ba baƙo ba ne. Adabin Hausa ta kunne ya saba shiga, daga waƙar da ake rerawa a zaure zuwa wasan kwaikwayon su Yazi Dogo da gidaje suka tashi da shi.

Masu suka suna da hujjoji biyu. Ɗaya, gaishe-gaishen manya da jawaban buɗe taro kan cinye lokacin tambaya, kuma fuskokin da aka gani bara su ake gani bana. Biyu, harshe. Zaure na Faransanci, titi na Zabarmanci da Hausa. Dokar 2001 ta lissafa harsunan ƙasa 10 a sahu ɗaya. Kundin 2025 ya fifita ɗaya, abin da ya sa wasu masu magana da sauran harsunan suka nuna damuwa. Mai shirya biki a Yamai ba shi da mafita mai sauƙi. In ya tsaya a Faransanci ya rufe wa mafi yawa ƙofa, in ya koma Hausa zalla wasu za su ji an ture su, in ya sa tafinta lokaci ya ninka. Naɗar zaman a ba rediyoyin karkara yana faɗaɗa zauren, amma shi ma sai an zaɓi harshen da za a naɗa.

Zauren yara

Wannan shi ake ba ƙaramin ɗaki da ƙaramin kasafi, shi ne kuma ya fi shafar ko sauran biyun za su samu kasuwa nan da shekara 10. Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba. Ƙiyasin Bankin Duniya na 2022 ya nuna cewa a Afirka kudu da Sahara kimanin yara 9 cikin 10 masu shekara 10 ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimce shi, Nijar kuma tana cikin wannan sahu.

Ɗaya daga cikin dalilan sananne ne. Yaron da ya tashi da Hausa ko Zabarmanci ko Tamajak yana shiga aji ya tarar da aiki biyu a lokaci ɗaya: koyon haɗa baƙi, da koyon harshen da ake haɗa baƙin a ciki. Nijar na cikin ƙasashen da suka fara neman magani da wuri, don tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji mai koyarwa da Hausa a Damagaram, cibiyar binciken koyarwa ta ƙasa, INDRAP, kuma ta shirya littattafan aji. Amma "gwaji" ya zauna gwaji shekaru da dama. Ko inda yaro ya koyi karatu da harshensa, in ya rufe littafin aji ba ya samun na labari da zai ɗora a kai. Littafin yara shi ya fi tsadar bugu, saboda launi da zane da takarda mai kauri.

Ga yadda bita mai kyau kan kasance. Yara zaune a tabarma, mai jagora ya ce, "Ga ta nan, ga ta nanku," su amsa, "Ta zo mu ji ta." Ya ja tatsuniyar Gizo har inda ya shiga tsaka mai wuya, sai ya tsaya ya ce kowa ya fitar da shi. A raba farar takarda ɗaya-ɗaya, a ninka sau uku, a tsaga tsakiya, ta zama ɗan littafi mai shafi 8. Kowane shafi zane ɗaya da jimla ɗaya. Wani ya ɗaga hannu: "Mushe, ƙugiyar ɗ ina take kallo?" A bango kuma yaro ya rubuta sunansa a inda ake sa sunan marubuci. Kayan aikin duka ba su wuce takarda da almakashi da fensirin launi ba.

A nan ne bita ke haɗuwa da wallafa ta intanet, ta hanyar da ba a cika zato ba. Labaran da suka fi kyau ana iya ɗaukar hotonsu, a tsara su da manhaja irin Bloom ta ƙungiyar SIL, wadda aka yi don harsunan da ba su da littattafai da yawa. Rumbuna kamar African Storybook na Afirka ta Kudu da StoryWeaver na Indiya suna barin kowa ya sauke labari, ya fassara, ya buga, ba tare da biya ba, kuma akwai na Hausa a ciki. Ma'ana, intanet ɗin ba lallai don yaro ya ƙura wa gilashi ido ba ne. Don malama a Tawa ta sauke fayil sau ɗaya, ta kai wurin mai fotokofi, ta shiga aji da kwafi 40.

Wannan ma bai tsira daga suka ba. Gidajen wallafa na gida, irin Gashingo a Yamai mai buga littattafai cikin harsunan ƙasa, da ciniki suke rayuwa. Masu kare irin waɗannan gidaje na cewa in kyauta ta cika gari, ba mai sake zuba jari a mai zane da mai gyara rubutu na gida, kuma labarin da aka fassaro daga nesa yakan zo da abinci da tufafi da sunayen da yaro bai sani ba. Masu goyon bayan buɗaɗɗen lasisi na amsawa cewa yaran da ake magana a kansu da ma ba masu saye ba ne. Wata matsaya ta tsakiya ita ce a biya marubuci da mai zane na gida kuɗin aikinsu sau ɗaya, da daraja, sannan a saki littafin kyauta. Tana aiki muddin akwai mai biyan.

Kan batun gilashi kansa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa yaro ɗan shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa 1 a rana gaban gilashi. A 2023 ƙasar Suwidin, da ta yi nisa wajen raba na'urori a aji, ta sanar da komawa ga zuba kuɗi a littattafan takarda, a shekarar kuma rahoton UNESCO kan ilimi ya ja kunne cewa hujjojin amfanin na'ura a aji ba su kai yawan tallar da ake yi mata ba. Masu son takarda na kafa hujja da waɗannan. Ɗaya ɓangaren na cewa Suwidin tsakanin na'ura da littafi take zaɓi, makarantar ƙauye kuwa tsakanin wayar malam da babu.

Wa zai gani a ƙasa?

Ga uba mai ƴaƴa biyar, sauyin da ya fi kusa shi ne farashi: ƴan shafukan fotokofi ko labarin sauti a katin waya sun fi littafin jika 3 sauƙin kaiwa gida. Ga mai kasa littafi a bakin hanya, labaran soyayya sun riga sun koma waya, abin da ya rage masa na lakwal ne da na addini. Ga mai ƙaramin injin bugu a unguwa, bugu kaɗan-kaɗan sabuwar kasuwa ce in kuran ya bari.

Su wa ke shiga zauren yara kuwa, mota ce ke yanke hukunci. Makaranta mai zaman kanta tana da bas, ko iyaye masu kawowa. Ajin zana na bayan gari ba shi da ko ɗaya, balle almajiri da yarinya mai talla da za su leƙo ta bakin ƙofa. Yini ɗaya a shekara kuma ba ya koya wa kowa karatu. Abin da ke saura bayan an kwashe kujeru shi ne malaman da suka ga yadda ake yi, da littattafan da suka bi su aji. A ajin zana, da ba ƙofa ba kabad, wannan na nufin har da akwatin ƙarfe mai kwaɗo a cikin kasafi.

Tawa na da wuraren da za su ɗauki irin wannan taro, ga gidan matasa da al'adu na Albarka Tchibaou, ga jami'ar Djibo Hamani da ɗalibanta. Kuɗin kawo marubuci ɗaya daga Yamai, mota da masauki, yana iya buga ƙananan littattafan yara masu yawa, don haka mai shiri sai ya auna wanne ya fi. Sai kuma lokaci. Ranar littafi ta duniya, 23 ga Afrilu, tana faɗowa a tsakiyar bazara, zafi sama da digiri 40, lokacin da kuran ya fi yankewa, abin da ke kashe majigi da lasifika da cajin waya gaba ɗaya. Yuni da Yuli na jarrabawa ne, sannan damina da hutu. Azuzuwan zana da yawa ba sa tsayuwa sai an girbe hatsi an samu kara. Abin da ya rage shi ne Nuwamba zuwa Fabrairu, a 2026 kuma azumi ya kama cikin Fabrairu, yana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara.